Ku Tambaya Mu Amsa: Makarantun Mishan Na Yara Maza A Zamanin Turawa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonni da yawa sun faɗo kan abu ɗaya ne, wato makarantun da 'yan mishan na ɗariƙun Furotesta suka buɗe wa yara maza tun farkon zuwan Turawa, to sai na ga gara in haɗa su wuri guda in bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu wasiƙun na rage musu tsawo saboda wuri, masu su a yi mani haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni malamin firamare ne a Funtuwa, gardama ce ta kaure mana a ofishin malamai, wasu na cewa gwamnatin Turawa ce ta fara buɗe makarantar boko a ƙasar nan sannan mishan suka biyo baya, ni kuma na ce a'a. Dan Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam malam, ai kai ne da gaskiya, kuma tazarar ma ba kaɗan ba ce. 'Yan Metodis sun sauka Badagiri a 1842, shekara na zagayowa sun buɗe 'yar makarantarsu a can. Sakandare ta farko kuwa ita ce CMS Grammar School ta Legas, ta ƙungiyar mishan ta cocin Angilika da ake kira CMS, an buɗe ta ranar 6 ga Yuni 1859 da yara maza shida kacal, kuma wanda ya kafa ta ba Bature ba ne, baƙin mutum ne, Rabaran Thomas Babington Macaulay, surukin Bishop Samuel Ajayi Crowther, kuma shi ne mahaifin Herbert Macaulay wanda hotonsa ke jikin kwandalar naira ɗaya. Ka lura da shekarar nan da kyau, 1859, a lokacin Ingila ba ta ma karɓe Legas ɗin ba tukuna, sai a 1861 ta karɓa. Bayan nan Metodis suka buɗe tasu sakandaren maza a Legas a 1878, 'yan cocin Sikotilan kuma suka buɗe Hope Waddell a Kalaba a 1895. Ita gwamnati abin da take yi a wancan lokacin ba ya wuce ta ɗan yafa musu tallafi ta turo sufeto ya duba, ba ta gina sakandare tata ta kanta ba sai King's College a 1909, shekara 50 cif bayan ta CMS.

A Arewa ma haka abin yake, makarantar da aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce Holy Trinity ta Lakwaja wadda ake danganta ta da 1865 zamanin Crowther, ita kuwa ta gwamnati sai 1909 da Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe ta Nasarawa a Kano. Amma fa in za ka faɗa wa abokan aikinka ka ce musu makarantar boko ake magana, don in karatu ne da rubutu, Katsina da Kano da Borno sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi kafin wani jirgin mishan ya taɓa gaɓar teku.

Tambaya: Baba barka da aiki, ni ɗalibi ne a Zariya, na ji ana cewa wai akwai wani Bature likita ɗan mishan da ya taɓa buɗe makaranta a cikin birnin Zazzau, cikin ganuwa fa, ni dai abin ya ɗaure mani kai, ya aka yi aka bar shi?

Amsa: Ɗana gaskiya aka faɗa maka, sunansa Dakta Walter Miller na ƙungiyar CMS ta cocin Angilika, kuma labarinsa na da tsawo. Kafin ya zo ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai masu bin hanyar sahara, shi ya sa ko da ya iso ba ya buƙatar tafinta. A 1900 suka taso su biyar ƙarƙashin Bishop Tugwell suka nufi Kano, a lokacin Turawa ba su ci Kano ba, Sarki Alu na kan gado. Da suka shiga fada suka faɗi abin da ya kawo su sai Sarki ya ce ba ya buƙata, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari, haka suka juyo ba su ga ta zama ba suka yada zango a Girku ta ƙasar Zazzau, a nan ɗaya daga cikinsu mai suna Dudley Ryder ya mutu. Wani da tuni ya tattara ya koma gida, shi Miller ya kafe, har a 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zazzau zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, yana ba da magani yana koyar da karatu. Dalilin da ya sa aka bar shi, ya shigo ne da wuri tun kafin Turawan mulki su tsaurara, kuma suna ɗasawa da Gwamna Lugga. Shi da Sarki Aliyu kuwa ba su taɓa jituwa ba.

Babban burinsa shi ne ya samu 'ya'yan sarakuna ya ajiye su a makarantar kwana, sannan ya yi wani aji na malamai manya a koya musu rubutun boko. Ajin malaman ya ɗan taɓa tafiya, amma na 'ya'yan sarakuna bai je ko'ina ba, don sarakuna sun san inda aka dosa, shi ma mutumin bai ɓoye ba, so yake su zama Kirista kuma yana faɗa da bakinsa yana rubutawa. To sai ya zama yaran da ya samu su ne yaran gidansa, da marayu, da waɗanda aka 'yanto daga bauta, da ɗaiɗaikun da iyayensu suka yarda da shi saboda magani.

Abin da ya canza lamarin shi ne zuwan Isawa. Waɗannan almajiran wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda ya fifita Annabi Isa alaihis salam a wa'azinsa, mabiyansa suka watsu cikin ƙauyuka wasu har Ningi suna riƙe da abinsu a ɓoye. A 1913 wasunsu suka zo wurin Miller, daga baya aka tsugunar da su a wani wuri da ake kira Gimi, sai ga ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga cikinsu ya yi musu mummunar ɓarna, wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai na ji tausayi ya kama ni, mutane sun baro gonakinsu da danginsu sun zo sun ƙare a daji. 'Ya'yansu da suka tsira su ne suka cika makarantar Miller. Daga baya hukuma ta matsa a fitar da mishan daga cikin birni, zuwa 1929 an koma Wusasa, a nan makarantar St Bartholomew ta kafu.

Tunda a Zariya kake ka daure ka je ka ga tsohon cocin Wusasa da idonka. Ginin ƙasa ne irin namu, bango mai kauri, rufin soro, in ka shiga ciki ka ɗaga kai za ka ga bakan gizo irin wanda ake yi a zaurukan sarakuna, sanyi na ratsa ka ko da rana ta take, magina Hausawa ne suka ɗora shi da hannunsu, ga duwatsu sun tsaya a bayan gari. Daga wannan ɗan ƙauyen aka samu Dakta Barau Dikko, likitan boko na farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa wadda ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna, asibitin koyarwa na Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Daga nan aka samu Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi shi da Rupert East, da Janar Yakubu Gowon wanda mahaifinsa ɗan ƙabilar Ngas ne mai wa'azin CMS, a Wusasa ya tashi ya yi firamare kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya. Waɗannan mutanen namu ne, Hausarsu suka sha a nono ko suka tashi a cikinta, Arewa suka yi wa aiki, kuma ni ina jin zafin yadda yaranmu da yawa ba su ma san akwai Hausawa da Fulani Kirista da suka kai shekara ɗari a nan ba.

Tambaya: Wasiƙu biyu ne na haɗa nan don sun yi hannun riga. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ce, Malam ni fa haushin sarakunanmu na da nake ji, da sun bar mishan sun buɗe makarantu kamar yadda aka yi a Kudu da yanzu ba a yi mana nisa haka ba. Wani dattijo daga Gusau kuma ya ce, Allah ya jiƙan sarakunan nan, da ba su toshe ƙofa ba da tuni an raba jikokinmu da salla. Kowanne na tambaya ya na gani.

Amsa: Alhaji da Baba, Allah ya ƙara girma, ku duka biyun kun bar mutum na uku a waje, kuma shi ne mai babban laifi a ganina, wato gwamnatin Turawa ita kanta.

Mu fara da tsoron iyaye da sarakuna. Ba tsoron banza ba ne, kuma duk mai cewa jahilci ne ya sa bai yi musu adalci ba. Makarantar mishan ta wancan zamani an gina ta ne don a samu masu bi, da addu'a ake buɗe aji da ita ake rufewa, littafin koyon karatu daga Baibul aka ciro shi, malamin aji shi ne mai wa'azin ranar Lahadi, kuma su kansu 'yan mishan suna rubuta wa masu ba su kuɗi a Turai cewa makaranta ita ce hanyar kama yara. Uba Musulmi da ya ga haka ya riƙe ɗansa, me ya yi na laifi? Ko a ƙasar Yarbawa Musulmi sun sha wannan, yaro ya shiga da suna Lamidi ya fito da wani suna daban, shi ya sa suka kafa ƙungiyoyi irin su Ansar-ud-Deen a 1923 suka riƙa gina makarantun boko nasu na kansu.

To amma a nan Arewa, ba sarki ne ke da ta cewa ta ƙarshe ba. A watan Maris na 1903 bayan an ci Sakkwato Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba, waɗanda suka gaje shi irin su Girouard da manyan razdan-razdan suka riƙe wannan alkawari suka hana mishan shiga masarautu, har da dokar da ta ce Bature ba zai zauna ƙasa da yadi 440 daga gidajen 'yan ƙasa ba, wadda ta ƙara nesanta su da gari. Kar ku ɗauka son Musulunci ne ya sa. Sun ga abin da ya faru a Legas, yaran da suka yi makarantar mishan sun zama lauyoyi da 'yan jarida suna caccakar gwamna a takarda, su kuwa a nan suna son talaka ya biya haraji ya yi shiru, sarki ya tara musu, kuma mulkin ya zo musu da arha. To shikenan ka hana mishan, mun ji mun yarda, ai sai ka gina naka ko? Nan ne aka ci amanarmu. Hanns Vischer da muke kira Ɗan Hausa, wanda shi ma da farko CMS ce ta kawo shi kafin ya koma aikin gwamnati, ya buɗe Nasarawa a 1909, aka yi 'yan makarantun lardi, aka buɗe Kwalejin Katsina a hukumance a 1922 wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, duk sun yi kyau amma nawa suke ɗauka? 'Yan tsiraru, daidai waɗanda za su yi malanta da aikin akawu a En'e, kuma kuɗin ma mafi yawa daga baitulmalin En'e yake fitowa, wato harajin talakan nan dai. Kamar mutum ne ya hana ka shan ruwan rijiyar maƙwabci ya ce ba ta da kyau, ya ce shi zai haƙa maka taka, sai ya tona rami iya gwiwa ya kaɗe rigarsa ya tafi. A 1957, saura shekara uku a ba da mulki, sakandare 18 ce a duk faɗin Arewa, Kudu na da 176.

Ban wanke namu tas ba fa. Dattawa da yawa sun ba mu labarin yadda ake yi in an ce Di'o ya ba dagaci umarnin ya kawo yara makaranta, kuma wannan ta En'e ce ba ta mishan ba, har da malamin Arabiyya a ciki, amma da an hango dogari uwa za ta sunkuci ɗanta ta jefa shi cikin rumbu ta rufe, wani a tura shi ƙauyen kawunsa da dare, mai hali ya kai wa mai unguwa ɗan akuya a tsallake gidansa, ƙarshe ɗan wanda ba shi da gata ko ɗan bara shi ake kamawa, ana tafiya da shi ana kuka kamar an yi mutuwa, yara na bin sa da waƙar tsokana wai 'yan boko ba sa salla. Waɗannan da aka kama da ƙarfi su ne suka dawo suka zama manyan gari. Sarakuna kuma da sun matsa lamba kamar yadda wasunsu suka yi, irin su Sarkin Katsina Dikko, da an samu fiye da abin da aka samu. Amma wanda ke riƙe da bindiga da baitulmali da alƙalamin doka na shekara sittin, shi ya kamata a fara tuhuma, kuma Alhaji ka sani ba dole ne sai ta hannun mishan ilimi zai zo ba, da an gina makarantu isassu waɗanda iyaye suka amince da su da ba mu tsaya muna wannan muhawarar ba yau.

Tambaya: Salama gare ka Malam, ni daga Kagoro nake rubutu, kullum in an tashi maganar mishan sai a ce Wusasa, mu fa namu kakannin SIM ce ta koya musu karatu, kuma da Hausa aka koya musu ba da Turanci ba, me ya sa?

Amsa: Ɗan uwa ka yi gaskiya, kuma in yawa ake bi ai naku ne labarin, don da aka rufe musu masarautu sai suka karkata ga ƙasashen da ba Musulmi ne suka fi yawa ba. SIM, wato ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission, ta faro ne a 1893 da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyun farko sun mutu cikin shekara guda, Gowans a Girku Kent a Bidda, sai a 1902 suka iya kafa tasha a Fategi, daga nan suka bazu har Kwoi da Kagoro da sauransu, cocin ECWA daga gare su ta fito a 1954. Wata ƙungiyar kuma, SUM wato Sudan United Mission, ta Karl Kumm ta sauka Wase a 1904, a 1909 ta buɗe gidan renon yaran da aka 'yanto daga bauta a Rumasha, yara ne da aka ƙwato a hannun masu fataucin bayi wasu ba su ma san sunan garinsu ba, da yawansu su suka zama malamai da masu wa'azi na farko. 'Yan Denmak suka je Numan a 1913, 'yan Brethren na Amurka suka je Garkiɗa a 1923 wurin Bura, su ne tushen cocin EYN.

Maganar Hausa kuwa, dalili biyu ne. Na ɗaya harsuna sun yi yawa, tsakanin Filato da kudancin Zazzau da Bauchi da Adamawa kowane dutse da yarensa, ba za a iya buga littafi da kowanne ba, ga Hausa ta kasuwa kowa na ɗan taɓawa, ga gwamnati da ita take aiki, sannan a 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa wanda Miller ya yi jagorancin fassararsa, to sai ta zama harshen aji da na coci da na waƙoƙin sujada. Mu Hausawa ya kamata mu san wannan, yaɗuwar harshenmu a waɗannan ƙasashe ba fatake da sarauta kaɗai suka yi ta ba, makarantun mishan sun yi aiki babba.

Na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa ba, SIM da SUM na farko ba sa son ba yara Turanci mai zurfi. Abin da suke so yaro ya iya karanta Littafi da Hausa ya koma ƙauyensu ya yi noma ya yi wa'azi, suna tsoron in ya ji Turanci zai gudu Jos ko Kaduna ya zama akawu a kamfanin kuza ko reluwe duniya ta ɗauke shi. Kakanninku ne suka tayar da ƙayar baya, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, suka ce su ma suna son 'ya'yansu su yi satifiket kamar 'yan Kudu da 'yan Katolika, shi ya sa za ka ga makarantar SUM ta Gindiri an fara ta a 1934 a matsayin wurin horar da masu bishara da malamai amma sakandaren maza sai 1950, Titcombe College ta Egbe 1951, makarantun Waka kusa da Biu 1952. Gindirin nan ita ta yaye su Joseph Gomwalk da Solomon Lar. A cikin masarautu kuma ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, kuma 'ya'yan majinyata na cikin waɗanda aka fara sa wa alli a hannu a wuraren.

Tambaya: Malam me ake koya musu ne takamaimai a lokacin? Daga wani ɗan sakandare a Azare.

Amsa: A matakin farko karatu da rubutu da lissafi, sai addini wanda shi ne kan gaba, haddar ayoyi da tambaya da amsa na katikizim, wato darasin aƙidar coci, da waƙa. Sileti ne da alli, a buga ƙararrawa ko wani guntun ƙarfen reluwe da aka rataya a bishiya, a yi layi a duba farce da haƙora, sannan akwai gonar makaranta da ɗiban ruwa da sharar fili, 'yan bodin su suke yin kusan komai da hannunsu, bulala kuwa ba a magana. A manyan makarantun Legas har Latin da Girkanci da lissafin jometiri ake yi don a samu fastoci da akawuna. Hope Waddell ita ta fi karkata ga sana'a, kafinta da ɗinki da aikin ɗab'i da gini, kuma a can ne aka yi wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta labarinsa a ƙasar nan, a 1904, yaran makarantar da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila, yaran suka ci 3 da 2. Azikiwe ya zauna a makarantar na ɗan lokaci kafin ya koma ta Metodis a Legas. Abin da ke ci mani rai a tsarin shi ne yadda aka riƙa cusa wa yaro cewa duk abin da ya baro a gida duhu ne, kiɗan garinsu da sunan da kakarsa ta raɗa masa da tarihin kakanninsa, ya san sarakunan Ingila a jere bai san na garinsu ba.

Tambaya: Malam ina wuni, ni uwa ce daga Gombe, na ga sai maza ake ta ambata, su matan fa?

Amsa: Hajiya lafiya lau, an yi na mata amma ba a ba su muhimmanci ɗaya ba. Mishan na neman masu wa'azi da malamai da fastoci, gwamnati da kamfanoni na neman akawu da tafinta, kuma a tunanin Turawan wancan zamani duk aikin maza ne. CMS ta buɗe makarantar 'yan mata a Legas a 1869, shekara goma bayan ta maza, kuma abin da aka fi ba ƙarfi shi ne ɗinki da girki da tsabta da reno, don malamin coci ya samu matar aure da ta iya karatu. A masarautun Arewa sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata ajujuwa a Kano da Katsina. Alhali mu nan Nana Asma'u ta riga ta kafa tsarin 'yan taru tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin ta rasu a 1864.

Tambaya: Gaisuwa daga Maraɗi, mu nan Nijar an yi irin waɗannan makarantu kuwa?

Amsa: An yi amma kaɗan ne ƙwarai ɗan uwa. SIM ta shiga Damagaram a 1924, daga baya ta kafa tasha a Tsibiri nan kusa da ku, asibitin Galmi kuma 1950. Faransa ba ta sakar wa mishan harkar makaranta yadda Ingila ta yi ba, gwamnati ce ke riƙe da lakwal, wato makarantar boko, kuma dokar 1922 ta wajabta duk makaranta mai zaman kanta ta koyar da Faransanci da malamai masu takardar da Faransa ta yarda da ita, su kuwa 'yan SIM yawancinsu daga Amurka da Kanada suke, Turanci da Hausa suka iya, ga hukuma na yi musu kallon 'yan leƙen asirin Ingila. Shi ya sa aikinsu ya fi tsayawa kan magani da koyar da karatun Hausa da makarantar Baibul.

Tambaya: Malam ni Musulmi ne mazaunin Jos, makarantar da ta fi kyau a kusa da ni ta mishan ce tsohuwa, ɗana ya ci jarrabawarsu, 'yan uwa na ta surutu. Shin waɗannan makarantu har yanzu irin na da ne? In kai shi ko in fasa?

Amsa: Ɗan uwa Allah ya raya mana shi. Da farko ka sani da yawa daga cikin tsofaffin sun canza hannu, bayan yaƙin basasa a shekarun 1970 gwamnatocin jihohi sun karɓe su har aka sake wa wasu suna, St Paul's ta Wusasa ita ce ta koma Kufena College, daga baya wasu jihohi suka mayar wa masu su, Legas ta yi haka a 2001. Don haka ka fara gano wa ke riƙe da wannan ɗin yanzu, gwamnati ce ko coci. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba, amma sashen dai ya ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya, to kar ka tsaya kan takarda, ka taka da ƙafarka ka je ka zauna da shugaban makarantar ka tambaye shi gar da gar, shiga cafel, wato cocin cikin makaranta, dole ne ga kowa ko ana ɗaga wa Musulmi ƙafa, akwai wurin salla, ana barin su zuwa Juma'a, ya ake yi da sahur da buɗa baki in azumi ya zo, akwai malamin addinin Musulunci ko kai za ka nema masa. Ka nemi iyaye Musulmi da 'ya'yansu suka gama can ka ji ta bakinsu, don sun fi kowa sanin abin da ke faruwa bayan an rufe get. In amsoshin sun kwanta maka, ni shawarata ka kai shi jeka-ka-dawo a shekarun farko maimakon bodin, Islamiyyarsa ta yamma kar ta tsaya, kuma ka riƙa zama da shi kana jin abin da aka koya masa. In kuwa suka ce maka dokarsu kowa sai ya shiga cafel ba sassauci, ka gode musu da suka faɗa maka gaskiya ka nemi wata.